An sayi kamfani: me aka saya, kuma me ya kawo lauya wurin da ba a yi faɗa ba?

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito a watan Maris na 2024 ya ɗibar wa bankuna wa'adin ranar 31 ga Maris, 2026 su ƙara jari, maganar sayen kamfani da haɗewar kamfanoni ta bar shafukan tattalin arziki na jaridu ta shigo majalisa. An ce bankin da ke da lasisin hulɗa da ƙasashen waje ya tara naira biliyan 500, mai aiki a faɗin ƙasa biliyan 200, na shiyya biliyan 50. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ko dai ya nemo masu zuba kuɗi, ko ya haɗe da wani, ko ya yarda a saye shi, ko ya sauko ƙaramin lasisi.

A majalisar da nake zama bayan la'asar wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, zancen ya ɗauki kwanaki. Wani tsohon hedimasta da fanshonsa ke biyowa ta Unity Bank yana son ya san makomar asusunsa a haɗewar bankin da Providus. Wani mai walda ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, KEDCO, kamfanin da ke raba mana wutar lantarki, ta canza masu ita ba sau ɗaya ba, amma tsohon bil ɗin da ake bin sa ya ƙi bin tsofaffin masu kamfanin ya tafi. Kawuna kuwa, wanda ya tsufa yana fataucin hatsi daga kasuwannin Dandume da Bakori, tambayarsa ta fi gajarta: "Mai kaya ya sallama, mai saye ya biya, an shafa fatiha. To me ya kawo lauya wurin da ba a yi faɗa ba?"

Duka tambayoyin suna komawa wuri guda, wato abin da doka ke nufi idan ta ce kamfani.

Kamfani daban, Alhaji daban

A bakinmu kamfani da mai shi duk ɗaya ne. Mukan ce gidan man Alhaji wane, injin Alhaji wane. Doka ba haka take gani ba. Ranar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta ba da satifiket, a wurin doka an haifi wani sabon mutum mai sunansa da aljihunsa. Yana cin bashi, yana mallakar fili, yana kai ƙara, ana kai shi. Idan Alhaji ya rasu, shi yana nan da ransa.

Asalin wannan ƙa'ida wata shari'a ce da aka yanke a Ingila a 1897, ta wani mai sana'ar takalma da ake kira Salomon. Ya mayar da sana'arsa kamfani, kamfanin ya karye, aka so a bi shi da kansa ya biya basukan, kotun ƙoli ta lokacin ta ce bashin na kamfani ne. Mun gaji ƙa'idar daga Turawa, kuma tana nan cikin dokar kamfanoni ta CAMA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa sabuwarta hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin ta 1990. A lura, wannan rabuwa ta shafi kamfani ne sosai, mai Limited a ƙarshen sunansa. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, irin wadda masu shaguna da masu POS ke yi, shi da kasuwancinsa har yanzu abu ɗaya ne, kuma bashin shago bashinsa ne.

Ga amsar mai walda ke nan. KEDCO ce ke bin sa, ita kuwa ba ta je ko'ina ba. Masu hannun jari ne suka canza.

Nan ne ma ake yawan tuntuɓe wajen rabon gado. Magada su zauna su ce wane ya ɗauki tireloli biyu, wance ta ɗauki sito, alhali duk da sunan kamfani aka yi musu rajista. Abin da mamacin ya bari shi ne hannun jarinsa, shi ake rabawa bisa ƙa'idar gado. Tirelar ta kamfani ce, kuma idan kamfanin yana da bashi, mai bin bashi yana gaba da magada a kanta.

Hannun jari za a saya, ko kadara?

Wannan ce tambayar farko da lauya zai yi, kuma kusan komai ya rataya a kan amsarta.

Wanda ya sayi hannun jari ya sayi kamfanin ne ɗungurungum, da jiya da shekaranjiyarsa. Lasisi yana nan, kwangiloli suna nan, ma'aikata suna nan, fili yana nan da sunan kamfani ba sai an nemi canjin suna ba. Sauƙinsa ke nan. Amma harajin da ba a biya ba shekara biyar shi ma yana nan, da ƙarar da wani ya shigar a kotu tun kafin sabon mai shi ya san da kamfanin, da takardar tsayawa da tsohon darakta ya sa wa hannu don wani abokinsa ya ci bashi. Duk sun zama ciwon kan mai saye, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba.

Mai sayen kadara kuwa zaɓe yake yi. Ya ce ina son injuna da fili da motoci, ku riƙe kamfaninku da basukansa. Ya fi kwanciyar hankali, sai dai ya fi wahala, don kowace kadara sai an bi hanyarta an mayar da ita sunansa. Fili sai da amincewar gwamna, lasisi sau da yawa sai an nemi sabo, abokan kwangila sai sun yarda. Katsinawa sun ga irin wannan a gida. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina, wanda gwamnatin tarayya ta kafa tare da na Jos da na Osogbo, rushe tsohon kamfanin aka yi a hukumance, rukunin Dana ya sayi kadarorinsa a 2006.

Haɗewa ita ce ta uku. Kamfani biyu ko fiye su narke su zama ɗaya, kadara da bashi duka su koma kan wanda ya saura, da umarnin Babbar Kotun Tarayya. Haka bankin Diamond ya shige cikin bankin Access a 2019. Shi kansa Unity Bank ɗan haɗewa ne: bankuna tara aka tattara a 2006, ciki har da Bank of the North, bayan gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya kafa sharaɗin jarin naira biliyan 25, abin da ya sa bankuna 89 suka koma 25.

Cinikin biri a sama

Ba a yi wata shida da waccan hira ba sai kawu ya ci karo da amsar tambayarsa. Shi da abokan fataucinsa biyu suka yi shawarar su daina kai shanshera injin wasu, su sayi nasu. Dillali ya kawo musu wani kamfanin casar shinkafa a bayan gari, na magadan wani bawan Allah da ya rasu. Sun je sun zagaya, an kunna musu injin sun ji ƙararsa, sun damƙi shinkafa sun duba tsakuwa. An yi albarka, an yi ƙari, an sallama. Saura a ba da kafin alƙalami sai ɗan ɗaya daga cikinsu, wanda ya karanta akanta, ya nace sai an kira lauya. Ni na raka kawu ofishin.

Lauyan bai tambayi farashi ba. Ya ce a kawo masa satifiket ɗin kamfani da ƙa'idojinsa, da takardar fili, da takardun haraji, da jerin ma'aikata, a kuma ba shi mako uku.

"Barista, mako uku?" in ji kawu. "Mutanen nan fa mun san ubansu. Sahu ɗaya muka yi salla shekara ashirin."

"Ranka shi daɗe, ban ce ba su da gaskiya ba," in ji lauyan. "Su kansu ba lalle ne su san abin da mahaifinsu ya sa wa hannu ba."

Abin da ya yi a makonnin nan shi ake kira binciken ƙwaƙwaf, kuma shi ne rabin aikin lauya a babban ciniki. Ya duba fayil ɗin kamfanin a CAC don ya ga su wa ke da hannun jari a rubuce, su wa ne daraktoci, ko ana shigar da rahoton shekara, sannan ko akwai jingina. Doka ta ce idan kamfani ya jinginar da kadararsa a yi wa jinginar rajista a CAC cikin kwana 90, saboda haka banki ba ya wasa da wannan, kuma duk wanda ya duba zai gani. Ya je ofishin filaye na jiha, ya leƙa rajistar kotuna, akanta kuma ya zauna kan littattafan kuɗi.

Ranar da muka koma, katan biyu ne na takardu a gefen teburinsa, wasu gara ta ɗan taɓa su. Ya zaro guda huɗu ya jera. Takardar shaidar mallakar filin da injin ke kai sunan marigayin take ɗauke da shi, ba sunan kamfani ba, ma'ana da sun sayi hannun jarin da sun mallaki kamfanin da ke zaune a filin gado. Injunan kuwa an jinginar da su ga wani banki kan bashin da ba a gama biya ba. An yi shekaru ana cire kuɗin fansho daga albashin ma'aikata ba a tura su inda ya kamata ba, alhali dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kashi 10. Ta huɗun ita ta fi sa kawu yin shiru: akwai wata 'yar marigayin da ke aure a Damagaram, ba wanda ya tuntuɓe ta, kuma tana da rabo a hannun jarin da yayyenta ke shirin sayarwa.

Ba wanda ya yi ƙarya cikin magadan. Babban wansu ya rantse bai san da jinginar ba, kuma na yarda da shi.

Sai dai kada a ɗauka bincike layar samun riba ce. Kamfanin Tiger Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kusan kashi 63 cikin 100 na kamfanin fulawa na Dangote a 2012, da manyan lauyoyinsa da akantocinsa. Asara da faɗuwar naira suka sa a 2015 ya mayar wa Dangote da shi a kan dala ɗaya. A 2019 Olam ya sayi kamfanin a kan naira biliyan 120. Lauya yana iya gaya maka abin da ke cikin buhu, amma farashin da kasuwa za ta yi baɗi ba ya cikin takardunsa.

Me ke cikin yarjejeniyar da ta kai shafi sittin?

Ɗan kasuwa yakan ga kaurin takardar ya ce lauyoyi ne ke neman halasta kuɗinsu. Wani lokaci da gaskiyarsa, don akwai masu kwafo shafukan da ba su da alaƙa da cinikin. Amma gundarin takardar tambaya ɗaya take amsawa: idan wani abu ya ɓullo bayan an biya, wa zai ɗauki asara?

Shi ya sa ake sa mai sayarwa ya jero tabbaci a rubuce. Hannun jarin nawa ne, ba jingina a kansa, haraji an biya har zuwa wata kaza, ba wata ƙara a kotu. Idan ya san akwai inda maganar ba haka take ba, sai ya faɗa a wata takarda ta daban, ta bayyana aibi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya bayyana, mai saye ya shiga da saninsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya ɓoye kuwa, idan ya fito, zai biya diyya. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure zai gane wannan, don malamai sun daɗe da yin bayanin haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Rubutun kansa ma ba baƙonmu ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ina mamakin yadda mutumin da ya haddace ta yake jin an ci mutuncinsa idan aka ce a rubuta.

Alkawarin diyya kuma ba shi da amfani idan mai sayarwa ya karɓi kuɗi ya rarraba wa magada goma sha biyu. Saboda haka lauyan mai saye yakan nemi a riƙe wani kaso a asusun da ba mai iya taɓawa shi kaɗai, har sai an cika wasu sharuɗɗa ko wani lokaci ya wuce. Akan kuma rubuta cewa mai sayarwa ba zai je ya kafa irin wannan sana'a a tsallaken titi ya kwashe abokan ciniki ba, na ɗan wani lokaci.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ranar sa hannu daban take da ranar kammalawa. Jarida ta buga hoton ana musabaha, kowa ya ce an sayar, alhali an dai amince ne za a sayar idan sharuɗɗa sun cika. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin Seplat ya sanar da zai sayi wani reshen ExxonMobil na Najeriya a kan dala biliyan 1.28. NNPC ya tafi kotu yana cewa shi ke da haƙƙin a fara yi masa tayi. A watan Agusta na shekarar aka sanar da amincewar Shugaba Buhari a matsayinsa na ministan mai, hukumar da ke kula da haƙar mai ta ce ba ta yarda ba, cikin 'yan kwanaki aka janye amincewar. Sai a Disamba 2024 aka kammala cinikin. Kusan shekara uku ke nan, kuma a tsawon irin wannan jira yarjejeniya ce ke faɗin wa ke tafiyar da kamfani, me aka hana mai sayarwa yi da kadarorinsa, da ranar da kowa ke da ikon cewa ya fasa.

Waɗanda ba su sa ko kwabo ba amma sai sun yarda

A cinikin rago mutum biyu sun isa. A na kamfani akwai masu hatimi da yawa.

Ta farko ita ce hukumar kula da gasa da kare masu saye, FCCPC, wadda aka kafa da dokar da aka sa wa hannu a farkon 2019. Damuwarta kada mutum ɗaya ya sayi abokan gasarsa ya zama shi kaɗai ke yanka farashi. Dole a sanar da ita idan cinikin shekara na kamfanonin biyu a haɗe ya kai naira biliyan 1, ko na wanda za a saya ya kai miliyan 500. Mutanenmu suna jin wannan sai su ce ta manyan Legas ce. A yi lissafi. Idan aka ƙaddara buhun shinkafa a naira 50,000, miliyan 500 buhu 10,000 ne, tirela mai ɗaukar buhu 600 kuwa ba ta kai sawu ashirin ba ta kwashe su. Matsakaicin injin casa, ko mai gidajen mai biyu zuwa uku a hanyar Jibiya, ya riga ya wuce wannan iyaka. Ciniki irin wannan idan aka zartar ba da amincewarta ba, a doka kamar ba a yi ba ne, ga kuma tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin shekara.

Bayan ita, kowane fanni da mai gadinsa. Banki sai Babban Banki ya yarda, kamfanin wuta sai NERC, na waya sai NCC, wanda ke kasuwar hannun jari kuma hukumar kula da kasuwar, SEC, na duba ko an yi wa masu hannun jari adalci. Fili na hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978, kuma tun shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa jingina ko sayarwar da ba ta samu amincewarsa ba tana iya rushewa. Hukumar haraji ma tana jiran kuɗin hatimi da harajin ribar sayarwa.

Sai mai bin bashi, wanda ake yawan mantawa da shi. Labarin KEDCO ya isa misali. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa kashi 60 cikin 100 na kamfanin, mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ga Sahelian Power, gwamnati ta riƙe 40. Kamar yawancin waɗanda suka sayi kamfanonin wuta a lokacin, da rancen banki aka yi sayen, kuma hannun jarin aka ajiye a matsayin jingina. A watan Yuli na 2022 Fidelity Bank ya yi amfani da haƙƙinsa na jingina aka sauya hukumar daraktoci, daga baya Future Energies Africa ya karɓi ragama a ƙarshen 2023. Mutumin Ƙofar Marusa da ke jiran a kawo wuta bai taɓa ganin takardar rancen nan ba, amma wani sakin layi a cikinta ne ya yanke wanda zai riƙa tafiyar da kamfanin da ke ba shi wuta.

Mai ƙaramin rabo, ma'aikaci da mai ajiya

Hedimasta ya kwantar da hankalinsa. A haɗewa, ajiyar jama'a tana komawa kan bankin da ya saura, bashin da ake bin mutum ma haka. Abin tsoro shi ne banki ya mutu ba wanda ya ɗauke shi, kamar yadda aka soke lasisin Heritage Bank ranar 3 ga Yuni, 2024. A nan hukumar inshorar ajiya, NDIC, naira miliyan 5 take lamunce wa kowane mai ajiya, abin da ya haura sai an sayar da kadarorin bankin an ga abin da ya samu.

Masu ƙananan hannun jari, irin dattawanmu da suka saya lokacin da ake rububi kafin faɗuwar kasuwa a 2008 suka adana satifiket a akwati, su ma doka ta san da su, ko da yake kariyar tana da iyaka. Ba a haɗewa sai an kira taro da umarnin kotu, masu kashi uku cikin huɗu na ƙimar hannun jarin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Waɗanda suka halarta ko suka tura wakili ake ƙirgawa, saboda haka wanda ya jefar da takardar gayyata ya ba wasu wuƙa da nama. Idan mai saye ya samu kashi 90 cikin 100, yana iya tilasta wa sauran su sayar masa, sai dai su garzaya kotu. Wanda kuma ya tara kashi 30 na kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki, dole ya yi wa sauran tayin sayen nasu.

Ga kamfanonin iyali, dokar 2020 ta ba da damar a rubuta a ƙa'idojin kamfani cewa ba mai sayar wa bare rabonsa sai ya fara yi wa abokan tarayya tayi. Malamai za su ce ai wannan shuf'a ce, kuma sun yi kama ƙwarai. Amma a tabbatar an rubuta ta tun ana ga-maciji, kafin 'yan uba su fara magana ta bakin lauyoyi.

Ma'aikaci shi ya fi kowa shan wuya. Idan hannun jari aka saya, mai ɗaukarsa aiki bai canza ba, shekarunsa na aiki suna nan. Idan kadara aka saya, ba ya bin injin kai tsaye. Dokar ƙwadago ta ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci ga wani sai da yardarsa, don haka yawanci tsohon kamfani ne ke sallamarsa ya biya shi haƙƙinsa, sabon ya ɗauki wanda yake so. Idan ba a rubuta wa zai biya kuɗin sallama ba, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa, ma'aikaci ya kama hanyar Kotun Ma'aikata.

Lauyan wa?

Da aka zo rubuta yarjejeniya, babban wan magadan ya ce tunda Barista ya riga ya san komai, ya rubuta wa kowa a huta, a raba kuɗin aikinsa biyu. Lauyan ya ƙi. Ya ce shi na masu saye ne, duk inda kalma za ta karkata zai karkatar da ita wajensu, su nemi nasu. A lokacin na ga kamar tsaurin ido ne, daga baya na gane gaskiya ya gaya musu. Ƙa'idojin aikin lauya sun yi kashedi kan wakiltar ɓangarori biyu masu buƙatu masu karo da juna, kuma akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunan lauya daga rajista.

'Yan kasuwa suna da ƙorafinsu, ba kuma duka ne na banza ba. Akwai lauyan da zai kashe ciniki mai kyau da tsoron abin da ba zai taɓa faruwa ba. Akwai wanda gwanin kotu ne amma bai taɓa duba fayil ɗin jingina ba, ya karɓi aikin don kada a ce bai iya ba. Yadda ba ka kai ciwon ido wurin mai ɗori, haka ya dace a tambayi lauya ko ya taɓa yin irin wannan aiki. Inda ban bi 'yan kasuwa ba shi ne wajen kuɗi. Mutum zai miƙa wa dillali la'ada ba gardama don ya nuna masa ƙofar kamfani, amma ya yi ta jayayya da wanda ya gano masa cewa ƙasar da ƙofar ke kai ba ta kamfanin ba ce.

Wani abin da lauya zai hana shi ne zuwa da kuɗi a buhu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, in ba ta banki ba. Zai kuma rubuta inda za a je idan rigima ta tashi. Shari'ar da ta shafi tafiyar da kamfani ta Babbar Kotun Tarayya ce, akwai reshenta a nan Katsina, amma manyan yarjejeniyoyi sun fi zaɓar masu sasanci, ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023, don gudun shekarun ɗaukaka ƙara da tonon asiri a bainar jama'a.

Cinikin kawu bai mutu ba, siffarsa ce ta canza. An fasa sayen hannun jari aka koma sayen kadara. An aika Damagaram, 'yar marigayin ta zo da mijinta, aka raba gadon filin a gaban alƙali, kowa ya sa hannu. Daga cikin kuɗin aka biya banki kai tsaye ya ba da takardar sakin jingina, aka ware na fanshon ma'aikata, wani kaso kuma yana ajiye har sai amincewar gwamna kan filin ta fito. Injin yana aiki tun kakar bara. Kawu har yanzu yana cewa kuɗin lauyan sun yi yawa, kuma duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya buga masa waya: "Barista, takardar gwamnan nan ta fito kuwa?"